Mutum-mutumin katako na masu koyon zane: inda yake da amfani da inda yake ɓatar da mutum

Wata shida ke nan ina aiki da mutum-mutumin katakon nan mai gaɓoɓi, mai tsawon santimita 30, wanda ke tsaye kan sandar ƙarfe. Ya cancanci kuɗinsa wajen koyon haske da inuwa da faɗuwar tufafi. Wajen koyon ƙirar jikin ɗan Adam kuwa, kada ka yarda da shi.

Matsalarsa babba tana kafaɗa. Idan mutum ya ɗaga hannu sama, allon kafaɗarsa yana zamewa a kan haƙarƙari, ƙashin da ke gindin wuya ya tashi, kafaɗar ta matso kusa da kunne. Shi kuwa katakon, ƙwallo ɗaya ce ke juyawa a cikin rami, ƙirjin ko motsi ba ya yi. Duk wanda ya kwafi wannan zai zana hannu kamar an liƙa shi a gefen akwati. Haka tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu: ƙasusuwa biyu ne a wurin, suna gittawa juna idan ka kifa tafin hannunka, shi ya sa siffar naman wurin ke sauyawa. A katakon sanda ɗaya ce sumul. Ka naɗe hannun rigarka gaban madubi, ka juya tafinka a hankali, za ka ga abin da aka ɓoye maka.

Bayansa ma a sandare yake. Ƙirji da ƙugu ne kawai da ƙwallo a tsakani, ba lanƙwasar ƙashin baya. Mutum in ya ɗora nauyinsa a ƙafar dama, ƙugunsa na dama ya ɗaga, kafaɗar dama ta sauka. Da ƙyar katakon ke yin rabin wannan kafin sifirin ɗin ciki ya mayar da shi. Ba ya tsugunawa, ba ya zama ya tanƙwashe ƙafa a kan tabarma, alhali rabin abin da mai zane a nan zai zana ke nan.

Awon jikinsa ba laifi, amma ka gwada naka katakon da rula. Baligi yakan kai tsawon kansa bakwai da rabi, masu zane kan ja shi zuwa takwas don tsayi ya fito. Gwiwar hannu tana daidai da ƙugu, yatsu suna sauka tsakiyar cinya. Ƙaramin abu da katakon ya share gaba ɗaya: idon sawu na ciki yana sama da na waje kaɗan. Kuma awo ba doka ba ce. Ka shiga gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, ka dubi tsoffin mutum-mutumin yumɓu na Nok, yadda aka ƙara girman kai da gangan, kuma aikin ya tsaya da ƙafarsa.

To, ina amfaninsa? Kashe fitilar ɗaki, ka haska shi da tocilar waya daga gefe ɗaya, sama kaɗan. Da yake gaɓoɓinsa dunƙule suke, nan take za ka ga inda haske ya ƙare, inuwa ta fara. Ka fitar da siffar da fensir HB, ka sa inuwa da 2B wanda ya fi shi duhu, ka ajiye 4B ko 6B don wuri mafi duhu kaɗai, in ba haka ba zanen ya dagule. Sannan ka miƙo hannunsa zuwa fuskarka, ka zana yadda damtse ke gajarcewa a ido. Katakon yana koyar da wannan darasin da kyau, don ba ya gajiya.

Abin da ya fi burge ni shi ne tufafi. Yanke ƙyalle mai laushi, ka huda tsakiya, ka zura masa kamar babbar riga. Za ka ga duk ninkin yadi yana tasowa ne daga wurin da ya rataya, wato kafaɗa da gwiwar hannu. Kada ka yi da shadda mai sitaci, a wannan ƙanƙantar ba ta faɗuwa, tsayawa take kamar kwali.

Busasshiyar iskar hunturun Jos tana busar da katakon, gaɓoɓin su saki, hannun ya riƙa faɗuwa da kansa. Ɗan zare da aka naɗa a mahaɗar yana riƙe shi. Da damina ka nisanta shi da taga saboda tsatsa.

Motsi kuwa sai a wurin masu rai. Ka ɗauki takardar A4 ashirin a kan allo, ka zauna gefe a kasuwar Farin Gada ta Jos, ka zana masu dakon buhun dankali, kowane zane daƙiƙa 30, ba gogewa. Ka fara da layi ɗaya daga wuya zuwa ƙafar da ke ɗauke da nauyi, sannan ƙirji da ƙugu. In fuskar mutum za ka zana, ka nemi izininsa tukuna.