Katin marasa lafiya: a rumbun kamfani ko a ɗakinmu?

Ƙaramin asibiti ne namu a Kano, gado goma sha biyu, likita biyu, yawancin masu zuwa mata ne masu awon ciki da dattawa masu hawan jini da ciwon suga. A 2022 muka gaji da ɓatan kati, muka ɗauki manhajar wani kamfani da ke ajiye komai a rumbunsa ta intanet, mu kuwa mu biya duk wata. Gaskiya na ji daɗinta. Ba mu sayi wata babbar na'ura ba, gyara da sabuntawa duk nasu ne, kuma ko ƙarfe biyun dare nas ta kira ni, daga gida nake buɗe waya in ga sakamakon gwaji.

Kuɗi ne ya fara cizo. Da dala aka ƙulla farashin, kuma bayan an saki naira a watan Yunin 2023, dalar da ke wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024.

Sai ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, cikin azumi, da manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma. Wata tsohuwa mai hawan jini tana zaune gabana, allo sai juyawa yake yi. Na ce, "Hajiya, wane magani kike sha?" Ta ce, "Ɗan ƙaramin farin nan da ka ba ni, likita." Fararen ƙwayoyin hawan jini sun fi a ƙirga, kuma na tuna akwai wanda ya taɓa kumbura mata ƙafa, sunan ne ya kwanta mini. Bayanin yana nan a rubuce, na biya kuɗinsa, amma ba ni da hanyar kaiwa gare shi. Sai da jikanta ya hau babur ya ɗauko kwalin daga gida. A daren na tuna 'yan'uwanmu na Zamfara da aka rufe wa layukan waya makonni a 2021.

Bayan Babbar Sallah muka koma ajiye kati a kwamfutarmu ta cikin asibiti da OpenMRS, manhajar da aka fara a 2004 daga aikin kula da masu cutar ƙanjamau a Eldoret ta Kenya. Ita kanta kyauta ce. Kuɗin yana wajen kwamfutar da za ta riƙe bayanan, sola, batir, da ladan matashin da ya ɗora ta ya koya wa ma'aikata. Fitowa daga tsohon kamfanin ce ta fi ba ni wahala: sun ba mu bayananmu, amma a warwatse, sunaye daban, magunguna daban, sai da muka yi sati uku muna haɗawa da hannu bayan an tashi aiki. Duk wanda zai sa hannu da irin waɗannan kamfanoni ya tambaya tun ranar farko a wane tsari za su miƙa masa bayanansa in ya tashi tafiya, kuma a rubuta a yarjejeniya.

A Oktoban 2024 Arewa ta yi fiye da mako babu wuta. Sola ta riƙe mu, kati yana buɗewa nan take, domin daga ɗakin likita zuwa ɗakin magani waya ce kawai ta haɗa su.

Ajiyar cikin gida ma tana da nata nauyin, kuma duk a wuyanka yake. Ƙurar hunturu ta toshe fankar kwamfutar, ta yi zafi ta mutu da safiyar Litinin. Da muka duba, kwana shida ba a kwafi bayanai ba, saboda mai yi ya yi tafiya. Allah ya taimaka faifan bai lalace ba, amma gabana ya faɗi sosai. Ga kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar tsaro na musamman, ta kuma ba da sa'a 72 a sanar da hukuma in suka fita. Kwamfutar da ke ɗakin da kowa ke shiga, ɓarawo ɗaya ya ishe ta. Yanzu tana ɗaki mai kwaɗo, kowane ma'aikaci da lambar sirrinsa, kullum bayan la'asar a kwafa a faifai biyu, ɗaya ya kwana a wajen asibiti.

Asibitin da ke da rassa, ko wanda ba shi da amintaccen mai gyara a kusa, ba zan hana shi ta intanet ba, muddin yana da layin intanet biyu. Mu dai ta cikin gida ta fi mana. Abin da nake kewa shi ne duba kati daga gida. Yanzu in aka kira da dare, nas ce ke karanto mini ta waya.