scp ko rsync: da wanne za ka sauko da fayil daga saba?

Malam, ka ce kana da hotuna da ajiyar shafin makarantarku, wajen giga 8, a kan saba (kwamfutar da ke ɗauke da shafin a intanet), kana so ka sauko da su kan kwamfutarka a nan Jos, amma ka rasa wanda za ka ɗauka tsakanin scp da rsync, manhajoji biyu na kwafo fayil daga wata kwamfuta zuwa wata.

Batun tsaro dai kwantar da hankalinka. Dukansu ta cikin SSH suke bi, wato kulallar hanyar shiga saba daga nesa, ƙofa ta 22, kuma duk abin da ya ratsa a kulle yake, ko da intanet ɗin wani shago a Taminus kake ciki. Sai ranar da sabis ya yanke ake gane bambancinsu.

scp ba shi da wuya, layi ɗaya ne:

scp suna@saba:/home/suna/ajiya.sql .

A wurin suna@saba ka sa sunan da kake shiga da shi da adireshin sabar. Ɗigon ƙarshen nan na nufin a ajiye a foldar da kake ciki. Ƙaramin fayil har gobe da shi nake jawowa, kuma akwai shi a Windows 10. Matsalarsa, ba ya tuna inda ya tsaya. Wani dare a Bukuru ina kallon fayil ya kai kashi 90, aka ɗauke wuta, na'urar intanet ta mutu. Haka na sake daga farko, datar da na saya da gumina ta tafi a banza. Wallahi abin ya yi mini ciwo.

Shi kuwa rsync, wanda Andrew Tridgell da Paul Mackerras suka fitar a 1996, sai ya gwada abin da ke wajenka da na saba, ya turo abin da ya rage kawai:

rsync -avP suna@saba:/var/www/hotuna/ ./hotuna/

Wannan P babba ita ke riƙe guntun da ya riga ya sauko, ta kuma nuna maka inda aka kai. In ya katse, maimaita layin, zai ɗora. Mako mai zuwa ma sababbin hotuna kaɗai zai kwaso.

Sai dai dole a girka shi a ɓangarorin biyu, kwamfutarka da saba, a Windows kuma za ka iya bi ta WSL, wato tsarin gudanar da Linux a cikin Windows. Kuma don Allah kada ka taɓa --delete tukuna, domin yana goge duk fayil ɗin da ke foldarka wanda babu shi a saba.

Giga 8 da irin sabis ɗinmu, rsync za ka ɗauka. Ka fara gwadawa da ƙara -n a layin, zai lissafo maka abin da zai kwafo ba tare da ya taɓa komai ba.