Hattara da Mai Odar Kayan Kicin Daga China: Da Abin Yanka Albasa Ta Fara Kama Mu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na fi wata biyu ina juya maganar nan a raina, in faɗa ne ko in bar kaza cikin gashinta, domin ba kuɗina kaɗai suka salwanta ba, har da na mutanen da ni na kai su da ƙafata. Shekaranjiya ne maƙwabciyata ta miƙo min wayarta tana murna, wai in ga shafin da ta samo na kayan kicin masu araha. Ina dubawa gabana ya yanke ya faɗi. Suna kawai aka sauya. Hotunan nan su ne dai, har da kicin ɗin nan mai farin tayil da tukwane ruwan zuma a jere. A nan na san shiru ya ƙare.

Ba zan kama sunan matar da ke da shafin ba. Maganar tana hannun hukuma, kuma sunan ma ba zai amfane ku ba tunda kamar riga take sauya shi. Yadda take aikinta zan faɗa muku, don shi ne ba ya sauyawa.

Duk wadda ta san ni ta san inda lagona yake. In na ga wani ɗan abin kicin mai ban mamaki, ba ni da sukuni sai ya kwana a gidana. Ina da abin cire ƙwallon dabino, da abin raba gwaiduwa da farin ƙwai, da wani mai yanka dankali ya fito a murɗe kamar igiya, da na fitar da cincin siffar tauraro wanda sau ɗaya tak na taɓa amfani da shi. Durowar da nake zuba su maigida "gidan tarihi" yake ce mata. Shi ma ba a bar shi a baya ba, nasa ciwon gyare-gyare ne. In famfo ya ɗiga ko ƙofa ta ƙi rufuwa, gara ya ɓata Asabar ɗinsa a kai da ya kira mai gyara. To bara sai muka ce bari mu gyara kicin da kanmu. Ya je Ƙofar Ruwa ya sayo katako da fenti da ƙarafunan riƙe kanta, ni kuma na shiga intanet ina kallon kicin ɗin mutane ina haɗiyar yawu.

A nan bidiyon matar nan mai odar kaya ya faɗo min a Facebook: hannu kawai ake gani, ana jan igiyar wani ɗan kwano, albasa da attaruhu suna niƙewa. A ƙasa an sa hanyar shiga zaurenta na WhatsApp. Na shiga, na sayi abin yanka albasar nan naira 4,500. Kwana uku ɗan aike ya kawo min har ƙofar gida, da kyautar cokulan awo a cikin ledar. Na sake sayen abin matse lemo mai caji, ya zo. Na sayi ƙaramin sikelin awon fulawa, shi ma ya zo. Ga ta da daɗin baki: "Hajiyata, kaya sun iso lafiya? Allah ya sa a kashe lafiya." Duk Juma'a sai ta turo saƙon murya tana yi mana addu'a, mu kuma muna ta zuba amin.

Ku riƙe wannan wurin da kyau, don a nan duka dabarar take. Daga baya na shiga Sabon Gari na ga irin waɗannan ƙananan kayan jibge, kuɗinsu kusan ɗaya da nata, wani ma ya fi nata tsada. Ashe ba riba take nema a kansu ba. Tsaba take watsa mana. Wadda ta karɓi kaya sau uku ba matsala, ko uwarta ce ta ce mata ta yi hankali, cewa za ta yi ai ni na gwada ta.

A watan Disamba ta yi sanarwar babbar oda. Wai za ta cika kwantena daga Guangzhou, mu haɗa kuɗi a sayo kai tsaye daga kamfani ba ɗan tsakiya. Ta jero kaya: tukunyar suya mara mai, oben na lantarki, injin kwaɓa fulawa, blanda mai ƙarfin wat 8,000, injin huda bango mai caji da akwatinsa, tayil na mannawa, fitilun ƙarƙashin kanta. Farashin kusan rabin na kasuwa. Mai hali ta biya lokaci guda, marar hali ta shiga adashen mako takwas. Wadda ta kawo mutum biyar kuma an ba ta blanda kyauta. Kaya za su sauka kafin azumi. Ta san inda ke mana ƙaiƙayi, don ba macen da ba ta son sabon abin suya ya riske ta kafin a ga wata.

Na tura naira 186,000: oben, tukunyar suya, injin kwaɓa fulawa, da injin huda bango na maigida. Wannan da sauƙi. Abin da har yau yake hana ni barci shi ne mutum biyar ɗin nan da na cika saboda blanda. Matar Yayana, abokan aikina biyu, wata 'yar ajinmu ta Islamiyya, sai ƙanwata da ake haɗa wa kayan ɗaki, bikinta bayan Sallah. Ita da ta ɗan yi jim, ni na ce mata, "Ke dai tura, in wani abu ya faru ni ce." Kuɗin da Baba ya ba ta na kayan kicin kaf ta tura.

Alamu kuwa sun yi ta zuwa, ni ce na runtse ido. Kuɗin da na tura a karo uku, asusu uku daban suka shiga, ba ɗaya mai sunanta ko sunan kasuwancin. Na farko ta ce na yaronta ne, na biyu ta ce nata ya cika ba ya karɓar kuɗi, na uku ban ma tambaya ba. Zauren kuma a kulle yake, ita kaɗai ke magana, wai don kada a cika mana waya da surutu. Amfanin hakan a wurinta shi ne ba wadda ta san wadda ke kusa da ita ta biya nawa, ko ta karɓi me. Ta taɓa sa hoton takardar rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, a zauren, muka yi ta sambarka. Ba wadda ta ɗauki lambar ta duba, alhali hukumar tana da shafin da kowa zai iya neman sunan kasuwanci ko lambar rajista. Ranar da muka duba, bayan aikin gama ya gama, sunan wani kasuwanci daban lambar ta fito da shi.

Har mai wayarin da ya zo ƙara mana soket a kicin sai da ya ja kunnena. Na nuna masa hoton blandar ina alfahari, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ɗauko fulogin butar lantarkina mai ƙafa uku ya nuna min 13A a jiki, wato amp 13. Ya ce, "Hajiya, wutarmu volt 230 ce. Ki ninka da 13, wat 3,000 ke nan da ƙyar. Abin da wannan fulogi zai iya ɗauka ke nan. Blandar da za ta ja 8,000 ai sai dai ta narkar da wayar gidan. Wanda ya rubuta wannan lamba bai ji kunyar ƙarya ba, ki yi tunanin sauran maganarsa." Na ce masa ya yi aikin da ya kawo shi. Allah ya ba shi haƙuri, na je na same shi daga baya na ba shi da bakina.

Janairu ya ƙare, sai uzuri ya fara. Na farko hutun sabuwar shekarar China, kamfanoni sun rufe. Wannan gaskiya ne, hutun yana faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu kuma masana'antu suna tsayawa. Haka take yi, ta ɗauko gaskiya ta jingina ƙaryarta a jiki. Sai kuma jirgi ya iso Apapa amma kwastam sun ƙara kuɗi, kowa ya cika naira 12,000 na fito, wadda ba ta cika ba kayanta za su zauna a tashar ruwa. Ta haɗa da bidiyon ana buɗe kwantena. Muka cika. Mutum in ya riga ya zuba dubu ɗari da wani abu, dubu goma sha biyu ba ta yi masa nauyi, tsoron asarar na farkon ke tura shi. Daga nan dala ta tashi. Daga nan mahaifiyarta tana asibiti, a taya ta da addu'a. Duk wadda ta matsa mata ta waya, washegari sai a ga an cire ta daga zauren, a ce mai tada fitina ce.

Wasu 'yan kaɗan sun karɓi kaya, kuma an yi ta yawo da hotunansu don a kwantar mana da hankali. Ɗaya daga cikinsu mun haɗu daga baya. Injin kwaɓa fulawa aka kai mata, tana jonawa ya yi ƙara ya tashi da hayaƙi. Da aka juya ƙasansa 120V ne a rubuce, na gwanjo ne irin na Amurka, inda wutarsu ta kai rabin tamu. Kayan da aka yi wa kasuwar China kuwa 220 ne, suna aiki da wutarmu lafiya lau. Ke nan injin nan bai taɓa ganin kwantenarta ba, a nan gida aka tsinto shi aka goge aka sa a kwali. Wasu biyu masu baki da suka yi barazanar zuwa wurin 'yan sanda an mayar musu da kuɗinsu, kuma yanzu mun gane daga kuɗin fiton da muka cika aka biya su.

Azumi na da kwana goma muka tashi sahur muka tarar ba zaure, ba shafi, layuka duk a kashe.

Da ƙyar muka nemo juna ta lambobin da wasu suka adana, muka buɗe namu zauren. Mun haura sittin. Akwai mai sayar da ɗanwake da ta yi adashen mako takwas don injin markaɗe, akwai amare huɗu. Na je bankina da rasit ɗin tura kuɗi, suka karɓi ƙorafi suka ce riƙe asusun wani sai da takardar hukuma, kuma ko an riƙe, abin da ya rage a ciki kawai za a tarar. Mun kai ƙara wurin 'yan sanda, mun rubuta wa EFCC, mun kuma shigar da koke a FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu saye. Asusu ɗaya da aka bi, na wani yaro mai POS ne, ya ce wata mata ce mai niƙabi take zuwa ta ce za a turo mata kuɗi, ya cire ladansa ya ba ta sauran. Abin da na koya a wannan zirga-zirgar, wadda abin ya same ta kada ta tsaya jiran alƙawari ko jin kunya. Ranar da kika fara zargi, ranar za ki adana hotunan hirarku da rasit da lambobin asusu da saƙonnin murya, ki nufi banki. Mu mun ba ta wata biyu tana kwashewa muna amin.

Wani ɗan uwan maigida da ya daɗe yana sayo kaya daga Guangzhou da Yiwu ya zaunar da ni ya yi min karatu. Ya ce odar haɗaka ba haramun ba ce, mutanen kirki da yawa suna yi. Amma mai yi da gaske tun kafin ki biya za ta gaya miki yadda ake lissafin kuɗin dako: jirgin sama da kilo, jirgin ruwa da girman wurin da kwalinki ya ci. Za ta nuna miki hoton kayanki a sito da sunanki a jikin kwali, ta faɗa miki kamfanin dakon da ofishinsu a Legas ko Kano, ki kira da kanki ki ji. Kayan ruwa yakan ɗauki wata ɗaya da rabi zuwa biyu, wani lokaci ya ɗan gota, amma ba a rasa lambar kwantena. Ya ce da na tambaye ta wannan lambar kaɗai tun a Janairu, da na ji inda za ta fara kame-kame. Shi ne kuma ya sa hoton kwantenarta a Google Lens, manhajar nemo asalin hoto, a gabana, sai ga shi a shafukan wasu 'yan kasuwa na wata ƙasa, tun shekarun baya. Kicin mai tukwane ruwan zuma ma daga tallan 1688, wani shafin sayar da kaya na China, aka ɗauko shi.

Saboda haka kafin ki tura wa kowa kuɗin oda, ki nemi shago ko gidan da za ki taka ki gani, ki duba sunan asusu ya dace da na mai kayan, ki ce ta kira ki ta bidiyo ta ɗaga kayan a hannunta. In zaure a kulle yake, ki nemi lambar mutum biyu da suka karɓi babban kaya, ba abin yanka albasa ba, ki ji daga bakinsu. Kuma don Allah kada kyautar blanda ta sa ki jawo 'yan uwanki. Kuɗi ana mayarwa, amma har yau matar Yayana in mun haɗu gaisuwa ce kawai.

Bikin ƙanwata an yi shi, da tukwanen da Umma ta cire daga nata da abin da dangi suka harhaɗa. Ina biyan ta dubu ashirin duk wata, ba don ta nema ba. Kantar da maigida ya kafa wa oben, wadda ya auna da tef daidai da girman da aka rubuta a talla, da aron injin huda bango ya ƙarasa ta, yanzu filas ɗin shayi ne a kai.

Maƙwabciyata kuwa da na gama ba ta labarin nan sai ta yi shiru, ta shiga ɗaki ta fito da leda. Abin yanka albasa ne mai igiya, an kawo mata tun makon jiya, da cokulan awo a ciki. Ta ce jiya da daddare aka sanar a zaurensu za a cika kwantena, kaya za su sauka kafin Babbar Sallah.