Sandar rawar bale: a sayo daga Ingila ko a haɗa a gida?

Assalamu alaikum Yaya, da fatan kuna lafiya, ya yara, ya hidima.

Game da sandar riƙon da malamar rawar bale (ballet, rawar nan ta Turawa) ta ce a samar wa yarinyarki a gida, wadda kika tambaya ko a sayo a nan Ingila a aiko: shawarata kada a aiko. Awon kawai za a ɗauka daga nan, aikin a yi shi a can. Sanda mai ƙafa ta ƙarfe, wadda ke tsayawa da kanta ba a jikin bango ba, idan an haɗa ta da bututu mai kaurin milimita 42.4, ƙarfenta kaɗai ya kusa kilo 18, jakar jirgi kuma iyakarta kilo 23 ne. Ga dalilan dalla-dalla, don ki san abin da za ki faɗa wa kafinta ko mai walda.

Awon farko shi ne tsayi daga ƙasa. Ta manya tana tsayawa wajen santimita 100 zuwa 110, ta yara wajen 80. Amma jikin mai rawar ne alƙali: ta tsaya a miƙe babu takalmi, ta ɗora tafin hannu a gefenta, gwiwar hannu ta ɗan lanƙwashe, kafaɗa a sake. Wajen ƙugu ke nan. Idan sandar ta yi sama, yarinya za ta riƙa ɗaga kafaɗa har ya zame mata jiki, malama ta sha wahalar gyarawa. Idan ta yi ƙasa, sai ta riƙa kwantawa a kanta. Shi ya sa ɗakunan koyo suke sa biyu, ta sama da ta ƙasa, kuma a gidan da yara ke girma hakan ya fi sauƙin kuɗi. Kaurin sandar milimita 40 zuwa 45, yadda hannu zai zauna a kai ba tare da damƙa ba. Tazararta da bango santimita 15 zuwa 20. Tsawon mita ɗaya da rabi ya ishi mutum ɗaya.

A nan, duk wannan a shago yake a jere. Idan kika shiga shagon kayan gini irin su B&Q ko Wickes za ki tarar da katakon riƙon matakala, zagayayye, a goge, mai kaurin milimita 44, an busar da shi a injin, awonsa a rubuce a jiki. Abin da aka rubuta shi ne abin da za ki auna ki samu. Wasu rassan B&Q suna yanka katako a wurin, sai dai abin da aka yanka miki ba ya komawa. Wanda aka saya ta intanet kuma, in ba na yanka ba ne, doka ta ba mai saye kwana 14 ya fasa, kaya mai aibi kuwa ana mayar da shi cikin kwana 30 a karɓi kuɗi. Tarkon da mutane ke faɗawa shi ne hannun ƙarfen da ake sayarwa kusa da katakon. Na matakala ne, yana riƙe sanda wajen santimita 6 ko 7 kacal daga bango. Don hawa bene ya yi, amma da yarinya ta ɗora diddige a kai, yatsun ƙafarta za su daki bango. Dole a nemi hannu mai tsawo daga masu sayar da kayan rawa, kuma su ba su da sauƙi, wani lokaci hannaye biyu sun fi katakon tsada.

Inda Ingila ta gaza gida shi ne kuɗin aiki. A Afrilun 2025 mafi ƙarancin ladan ma'aikaci mai shekara 21 zuwa sama ya kai fam 12.21 a awa, mai gyare-gyaren da zai zo gida da kayan aikinsa kuwa ninkin haka yake caja, wasu ma sai an biya kuɗin zuwa tun kafin su taɓa komai. Shi ya sa ranar Asabar za ki ga likita da lauya suna tura keken kaya a shagon katako. Kowa kafintan gidansa ne, ba don sha'awa ba.

Sai bango, wanda shi ne ainihin wahalar nan. Yawancin bangon da ke raba ɗakuna a sababbin gidaje allon farar ƙasa ne, ɗan uwan wanda ake silin da shi a gida, kaurinsa milimita 12.5, an manna shi a kan ginshiƙan katako ko na ƙarfe da ke tsaye kowane santimita 40 ko 60. Tsakaninsu rami ne. Sukurun da aka ɗaura a allon kaɗai zai riƙe hoto, ba zai riƙe sanda ba, domin tazarar santimita 15 zuwa 20 ɗin nan tana mayar da nauyin da aka danna ƙasa ya zama fizga a kan sukurun sama. Yau ya ɗan yi motsi, gobe ramin ya faɗaɗa, jibi sandar ta fito da ɓallin bango. Ana neman ginshiƙin da 'yar na'ura mai ƙara idan ta zo kansa, wadda kuma take nuna wayar lantarki da bututun ruwa. Idan ginshiƙan ba su faɗo inda ake so ba, sai a ɗaure faffaɗan katako mai kaurin milimita 20 a kwance a kan ginshiƙi uku, sannan a ɗaure hannayen a jikinsa. Ɗan haya kuma ba ya huda bango sai da izinin mai gida a rubuce, in ba haka ba a cire kuɗin gyara daga kuɗin ajiyarsa, wanda dokar 2019 ta ƙayyade shi a hayar mako biyar ga yawancin gidaje. Wannan tsoron ne ya sa mai ƙafa ta fi kasuwa a nan.

Mai ƙafar da ta fi aminci ita ce ta bututun ƙarfe da mahaɗai irin waɗanda ake kira Kee Klamp, waɗanda ake ɗaurewa da makullin Allen, ɗan lanƙwasasshen ƙarfen nan mai kusurwa shida, babu walda. Ana buƙatar bututu biyu na tsaye masu santimita 100, biyu na kwance masu 130, ƙafafu biyu masu 60, gwiwa biyu a sama, mahaɗi mai baki uku guda huɗu, da murfin roba huɗu don kada ƙarfe ya kankare daɓe. Jimilla santimita 580. Rabin awa ya isa a haɗa, a kwance ta a tura ƙarƙashin gado idan an gama. Akwai masu yi da bututun roba don araha, amma na ruwan wanka mai milimita 40 da ake samu a nan siriri ne, yana lanƙwashewa da an ɗora ƙafa, kuma rashin nauyinsa ke sa ya bi yarinya idan ta ja. Araha ba ta ado.

To, ki duba abin da kuke da shi a can. A Dei-Dei a Abuja, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, baƙin bututu mai inci ɗaya da kwata yana nan, tsawon guda ɗaya ya kusa mita 6, wato guda ɗaya zai iya fitar da duk yankan da na lissafa, amma a auna shi da tef kafin a biya. Mai walda zai haɗa ta a wuni ɗaya, ya yi hannun bango daidai tazarar da aka ce masa, abin da a nan sai an yi oda ta musamman. Abin da babu a can shi ne tabbacin awo. Bututu biyu masu suna ɗaya a shago ɗaya suna iya bambanta a kaurin jiki, don haka a ce ana son mai jikin milimita 2, a ɗaga a ji nauyinsa. Mai siririn jiki walda tana huda shi, kuma yana lotsawa a tsakiya. A ba mai walda zane a takarda da lambobi, kada a tsaya a nuni da hannu. A ce ya ɗiga walda kaɗan a kowace mahaɗa, a tsayar da ita a daɓe mai lebur a ga ƙafafu huɗu sun taɓa ƙasa, sannan ya cike, domin zafin walda yana jan ƙarfe ya karkace. Ya goge duk wani tudu da giranda, ya sa jan fenti mai hana tsatsa kafin na sama. Ƙafafun kada su gaza santimita 60. Masu walda suna son rage su don ta yi kyau a ido, daga nan kifewa take farawa.

Idan ta bango kuke so, bangonku ya fi namu, amma da sharaɗi. Bulo mai rami ne, kuma wanda aka yi wa rowar siminti yana marmashewa a kewayen fisha, robar da sukuru ke shiga. Hanyar da ta fi ita ce ta masu sa ƙarfen taga: a fasa rami, a sa ƙafar hannun da aka tsaga bakinta ta buɗe, a cika da kwaɓin siminti ɗaya da yashi uku, a riƙa yayyafa ruwa, kada a taɓa sai bayan mako ɗaya. A ja layi da ma'aunin lebur daga hannu na farko zuwa na biyu, kada a auna kowanne daga ƙasa, don daɓe ba ya cika zama daidai. Hannu da hannu kada su wuce santimita 120, kuma abin da ya zarce a kowane gefe kada ya fi 20.

Wurin da hannun mai rawa ke zama ya fi kyau da katako. A nan ƙarfe yana ƙanƙarar da yatsu da sanyi, a can kuma idan rana ta same shi a baranda ba ya taɓuwa. Kafinta mai injin juyi zai fitar da sanda daga maɗaci ko wani itace mai tauri, amma matsalar kasuwa irin ta 'yan katako a Na'ibawa ita ce ɗanyen katako. Wanda aka saya da damina aka juya nan take, da hunturu ya shigo zai tsage ko ya karkace. A sayi wanda ya daɗe a rumfa, ko a ajiye shi a inuwa a kan ƙananan katakai na wasu makonni. A ƙi mai kulli a tsakiya, nan yake karyewa. A goge da samfefa mai lamba 80, sai 120, sai 220, a bi tsawon itacen, a shafa da tafin hannu a ji ko akwai sartse. Kafintocinmu suna son zuba banish mai ƙyalli, ki hana shi: da gumi yana santsi, da zafi yana danƙo. Mai na itace shafi biyu, a goge rarar, ya wadatar. Tsumman da aka shafa man da shi a shanya shi a buɗe a waje, don idan aka dunƙule shi yana iya kamawa da wuta da kansa.

Abu ɗaya da kasuwar nan ta fi ta gida nesa ba kusa ba shi ne daɓe. Ɗakunan rawa suna da daɓen katako mai ɗan lotsawa, da shimfiɗar leda ta musamman a kai, irin ta kamfanin Harlequin. Tayil ɗinku santsi gare shi, simintin da ke ƙarƙashinsa kuma ba ya sassauta wa gwiwa da idon sawu. Filawud mai milimita 18 a kan tabarmar roba mai kauri, a goge gefunansa, zai rage matsalar ga aikin da ake yi a jikin sanda. Tsalle-tsalle kuwa a bar shi sai a aji. Kafin a bar yarinya ta fara, babba ya danna sandar da hannu biyu a tsakiya da kowane gefe, ya ja ta wajensa. In ta yi ƙara ko ta motsa, a sake aikin. A kuma gaya wa ƙannenta ba ta lilo ba ce.

A gaida mutan gida.