Sharhi kan openLCA, daga mai riƙe da littafin majema

Duk mai tura fatar akuya ko ta tumaki zuwa Italiya da Sifen ya san tambayoyin masu saye sun sauya. A da faɗin fatar ƙafa nawa ne, wane lamba ce, yaushe za ta iso tasha. Yanzu har da takardar LCA suke nema, wato ƙididdigar abin da kaya ya jawo wa muhalli tun daga dabbar da aka feɗe har fatar ta bar ƙofar masana'anta. Ni ke riƙe da lissafin kayan aiki a wata ƙaramar majema a Challawa da ke Kano, don haka a kaina aikin ya faɗo, kuma da manhajar kwamfuta mai suna openLCA na yi shi.

Manhajar ta wani kamfanin Jamus ce, GreenDelta, da ke Balin, tun 2006 suke gina ta, kuma kyauta ce. Takwarorinta irin su SimaPro sai an sayi lasisi da kuɗin waje. Da zarar ka sauke ta a kwamfuta ba ta neman intanet, wanda ba ƙaramin sauƙi ba ne a wajenmu. Kana gina matakan aikinka ɗaya bayan ɗaya, jiƙo, cire gashi, jima da kirom, rini, busarwa, ka zuba abin da ya shiga da abin da ya fita a kowanne, ita kuma ta haɗa jimla ta zana maka inda nauyin da ake ɗora wa muhalli ya fi taruwa. A wannan fannin ba ni da ƙorafi ko kaɗan.

Sai dai fa fanko take zuwa. Bayanan da za ta yi lissafi da su sai ka nemo a shafinsu na Nexus. Akwai na kyauta, kamar Agribalyse na Faransa wanda ya shafi noma da abinci, akwai kuma ecoinvent na Suwizalan da kusan kowa ke dogaro da shi, shi kuwa na kuɗi ne. Maigidana ya ja tsaki kafin ya biya, amma kuɗin bai tafi a banza ba. Gishirin kirom, asid, rini, jigilar jirgin ruwa, duk suna ciki, kuma tunda yawancin sinadaranmu daga waje ake shigo da su, alƙaluman sun dace da mu.

Inda suka daina dacewa shi ne bakin ƙofarmu. Idan ka zaɓi lantarkin ƙasa kawai, ka nuna kamar wutar Nepa ce ke juya gangunanka dare da rana, alhali janareta ne ke ɗaukar kaso mai tsoka. Litar gas ɗaya idan ta ƙone tana fitar da kusan kilo 2.7 na iskar kabon, saboda haka littafin mai gadin tankin mai, wanda ba wanda ke kallonsa a da, ya zama takarda mafi daraja a ofis. Ruwa ma haka. Rijiyar burtsatsenmu ba ta da mita, sai da muka sa mata, muka kuma riƙa auna abin da ke kwarara daga kowace ganga.

Babbar rigimar kuwa akuyar ce da kanta. Jagorar 2006 ta IPCC, kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, ta ƙiyasta kilo 5 na iskar mitan a shekara daga tumbin kowace akuya, kuma a ma'aunin shekara 100 ana ɗaukar mitan ya ninka kabon kusan sau 28 wajen ɗumama duniya. Kenan daidai da wajen kilo 140 na kabon a shekara, tun ba a zo maganar kashi da abinci ba. To nawa ne rabon fata a ciki? Ba don fata ake kiwon jar akuyar Sakkwato ba, don nama ne da nono da biyan buƙatar gida. Ƙa'idar ISO 14044, wadda duniya ke bi wajen yin LCA, ta ce a kauce wa rabon idan zai yiwu, in ba haka ba a raba bisa wata alaƙa ta zahiri kamar nauyi, sannan a ƙarshe bisa wani abu kamar farashi. Na gwada nauyi, na gwada farashi, sakamakon ya yi hannun riga. Manhajar za ta lissafa maka kowanne cikin daƙiƙa, ba za ta ce maka ga wanda ya dace ba.

A nan ne ƙwararre ya zama dole. Na farko da muka tuntuɓa, wani kamfanin ba da shawara, fom ya aiko mana, ya ce sauran zai cike da alƙaluman garken Turai. Muka yi masa godiya muka rabu. Dabbar da ake ciyarwa da hatsi a rumfa ina ta haɗu da wadda ke kiwon harawa da ƙaiƙayi a bayan gida? Wadda ta fitar da mu wata malamar jami'a ce da ta yi digirinta na uku a wannan fanni. Ta sa takalmin roba ta shiga har wajen wankin fata, ta tsaya kan ma'aikaci yana auna gishiri, ta ce, “Malam, buhu nawa ka ce? Mu ɗora a sikeli tukuna.” Ita ta nuna mana cewa Tarayyar Turai ta fitar da ƙa'idojin auna tasirin fata ga muhalli a 2018, inda ake lissafi kan murabba'in mita ɗaya, mu da muka saba da ƙafa. Ita ce kuma ta hana mu rubuta cewa fatarmu ta fi ta wani tsafta, domin irin wannan kwatance idan za a fitar wa jama'a sai kwamitin masu bita na waje ya duba shi.

Ina ba openLCA maki mai kyau, ga majema, ga masu casar shinkafa, ga masu tace riɗi. Ku ware kuɗin rumbun bayanai da na ƙwararre tun farko. Kafin ku ɗauki kowa, ku tambaye shi ko zai zo masana'anta da ƙafarsa, da kuma hanyar da zai bi ya raba lissafin tsakanin nama da fata. Rasitan gas da na sinadarai na shekara guda cif ake buƙata, don haka a fara tara su tun kafin mai saye ya turo wasiƙa.