Rewayan da ya gano ciwon EOD ɗina bayan na sayi batir da altaneta a banza

Jama'ar Gombe masu Honda, musamman masu EOD da DC, ku ɗan tsaya ku karanta wannan don wallahi abin da ya ci min kuɗi da barci kusan wata uku wani bawan Allah ya warware shi cikin wuni ɗaya, kuma na ga bai kamata in yi shiru ba.

Motata Accord ce 2005, wadda ake kira EOD, mai silinda huɗu, kullum da ita nake zuwa aiki Kumo in dawo. Ciwon da ta fara shi ne batir ya riƙa sanyi a hankali, ba wai ta mutu a kan hanya ba, a'a, sai dai in na yi caji ta yi kwana biyar ko shida lafiya, rana ta bakwai da asuba in murɗa ki sai dai ka ji kik yana ƙat ƙat ƙat, sai na ta da yaran maƙwabta sun turo ta waje an kawo wata mota an yi jampin. Kuma abin da ya fi ɗaure min kai fitilar batir ɗin nan ja ta dashbod ba ta taɓa kamawa ba ina tafiya. Mai gyara na farkon da na kai wa ya ce batir ne ya gaji, na sayi sabo. Sati biyu aka koma gidan jiya. Na biyun kuwa ko mita ba shi da ita, mota tana aiki ya zare kan batir, da ya ga ta ɗan yi rawa sai ya ce altaneta, wato abin da ke cajin batir, ita ce ta mutu, na biya aka kawo Beljiyam aka ɗaura, ita ma kwana goma ba ta cika ba muka koma turi da jampin. A nan ne raina ya ɓaci sosai har na fara tunanin sayar da motar.

Wani abokin aikina ne ya ce in gwada wani dattijon rewaya da ke wajajen Tashan Dukku, rumfarsa ta kwano ce ƙarama, da benci ɗaya da yara uku masu koyon aiki. Da na isa na gaishe shi na fara zuba masa labari, ya bar ni na gama tas sannan ya ce, Alhaji waye ya auna maka ita kafin a ce ka sayi kaya? Na ce Baba ai ba wanda ya auna. Bai zagi kowa ba, yaro kawai ya kira ya ce ɗauko min mita.

To daga nan ne na ga aiki. Mota a kashe ya ɗora mita a kan batir, ta nuna 12.1, ya ce lafiyayyen batir mai cikakken caji 12.6 yake nunawa, wannan yunwa yake ji amma bai mutu ba. Ya duba bel ya ga ba ya santsi, ya goge kawunan batir, ya duba as, wato wayar nagetib ta batir, da ya tafi jikin mota da na inji. Ya buɗe akwatin fis na ƙasan sitiyari ya zaro wanda aka rubuta ACG ya ɗaga shi a rana ya mayar, lafiya lau. Sannan ya ce in tayar. Mita ta tsaya 12.6. Ni har na ce ka gani ko Baba, ba ta caji, sai ya ce yi haƙuri tukuna, Honda ba kamar sauran motoci ba ce. Ya bayyana min cewa a irin wannan motar kwamfutar inji, wato biren bos, ita ke ba altaneta umarni. Akwai wani ɗan abu a cikin akwatin fis na bonet da ake kira ELD, aikinsa ya auna yawan wutar da mota ke sha ya kai rahoto, in ba a kunna komai ba sai biren bos ta ce wa altaneta ta sassauta ta tsaya wajen 12 da rabi don a rage shan mai, in kuwa an kunna fitilu da fanka dole ta haura sama da 14. Ya ce da yawa a nan ake yaudaruwa, mutum ya ga 12.6 ya yanke hukunci altaneta ta mutu alhali hutawa aka ce ta yi.

Sai ya ce kunna manyan fitilu, kunna esi, ƙure fanka. Na kunna duka, muka zuba wa mita ido, maimakon ta hau sai ma ta ɗan sauko. Ya ce yauwa, yanzu muka san akwai ciwo, saura mu san na waye.

Ya sa na kashe, ya miƙa hannu bayan altaneta ya zare wani soket mai waya huɗu ya nuna min su ɗaya bayan ɗaya da bakin sukundireba. Ɗaya ita ke kawo wuta in an murɗa ki, ɗaya ta fitilar dashbod ce, ɗaya tana kai wa biren bos labarin irin wahalar da altaneta ke sha, ta huɗun kuma, fara mai ratsin kore, ita ce wayar umarni. Ya ce biren bos in tana son altaneta ta sassauta sai ta haɗa wannan wayar da as, shi kenan. Da wata 'yar allura ya zare wayar ita kaɗai daga soket, ya mayar da sauran ukun, ya ce tayar. Wallahi ina tsaye ina kallo mita ta tashi 14.4, fitilun ma sai da na ga sun ƙara haske a jikin bangon da ke gabanmu. Altaneta lafiyarta ƙalau, kuma na tabbata waccan tawa ta asali da aka cire ma lafiyarta ƙalau, abin da ya fi min ciwo kenan.

A nan wani yaronsa ya ce Baba a naɗe ta da tef kawai a bar ta a zare tunda ga caji ya dawo. Ya ce a'a, ko biren bos ce ke ba da umarnin ƙarya ko ELD ko kuma wayar ce ke taɓa ƙarfe a wani wuri, kuma ba zai sallami mutum bai san wanne ba ne. Ya sa na kashe mota, ya cire kan batir, ya zare soket ɗin biren bos, ya sa mita a kan ƙara, ƙafa ɗaya a wayar ɗaya a jikin inji, sai ga ta tana tsuwa, ma'ana wayar da kanta ke taɓa as. Ya fi awa ɗaya yana bin kunshin wayoyin da hannu yana ɓare tsohon tef, rana tana dukansa, har ya kai wani wuri kusa da injin sit, wato mazaunin inji, inda kunshin ya kwanta a kan bakin wani ƙarfe. Robar wayar ta goge, jan ƙarfen ya fito tsirara bai fi tsawon ƙwayar shinkafa ba. Nan na tuna an canza min injin sit a bara, ashe ba a mayar da kilif ɗin da ke riƙe wayoyin ba, kuma kun san yadda ramuka ke jijjiga mota. Ya yanke wurin, ya haɗa da dalma ba murɗawa da hannu ba, ya naɗe, ya ɗaure kunshin nesa da ƙarfen. Da aka tayar, ba a kunna komai ba tana wajen 12 da ɗoriya, ana kunna fitilu ta haye 14.3, ya maimaita sau uku a gabana.

Ya kuma ja min kunne sosai kan zare kan batir mota tana aiki. Ya ce wannan dabarar zamanin tsofaffin fijo ce, a motar da ke da kwamfuta batir shi ke shanye tsallen wuta, in ka zare shi wutar na iya dukan biren bos ko dayod ɗin altaneta, ka je neman ƙaramin ciwo ka dawo da babba.

Kuɗin aiki dubu takwas ya ce, ko kwatan abin da na zubar a altaneta bai kai ba, na ƙara masa da na yara.

Amma in faɗi gaskiya wurin yana da nasa matsalolin. Babu inuwar kirki ta zaman jira, bencin guda ɗaya ne, kuma Baba ba ya sauri ko kaɗan, na je ƙarfe tara ban bar wurin ba sai bayan la'asar. In yana kan wata mota ba zai taɓa taka ba ko waye kai, waya ma ba kasafai yake ɗauka ba. Sannan ba shi da babbar na'urar sikanin, shi da kansa ya ce in matsalar ta shiga cikin biren bos sai dai ya tura ka wani wuri, ni kuma wannan faɗin gaskiyar ya ƙara min yarda da shi.

Yanzu wata huɗu kenan, na je Bauchi sau biyu da dare da fitilu da esi, na bi ta Alkaleri na dawo, na ajiye ta kwana uku lokacin sallah, murɗa ɗaya ta tashi. In za ku je ku yi sammako kafin ƙarfe takwas, kuma in an riga an canza muku altaneta kar ku bar tsohuwar a wurin wanda ya cire, ku taho masa da ita ya gwada.