Shagon jinginar gwal a Kano: riƙon amana ya yi kyau, takardar ce ba ta yi adalci ba

A makon da likita ya sanya ranar yi wa mahaifiyarmu tiyata, sauran N600,000 kuɗin aikin ya cika, ni kuwa sai bayan wata biyu zan kwashi adashen da nake zubawa. Manhajojin bashi na waya ban ko kalle su ba, domin na ga yadda suke tura saƙon cin mutunci ga dangin wanda ya yi jinkirin biya, abin da ya kai hukumar kula da gasa da kare haƙƙin masu saye ta Najeriya, FCCPC, ga rufe ofisoshin wasunsu a Legas a shekarar 2022. Saboda haka na ɗauki sarƙar gwal da 'yan kunnenta da aka sa mini a lefe, ƙanena ya raka ni wani shagon masu gwal a cikin birnin Kano, wanda aka ce yana karɓar jingina.

Zan fara da abin da shagon ya iya, domin ya iya shi ƙwarai. Mai shagon dattijo ne mai natsuwa, bai tambaye ni dalilin zuwana ba, bai kuma ɗaga murya yadda na kusa za su ji ba. Ya goga gefen sarƙar a kan wani ɗan baƙin dutse, ya ɗiga ruwan gwaji a kan zanen da ta bari, ya jira kaɗan, sannan ya ce, "Hajiya, wannan karat 21 ce, ba a cuce ki ba." Ya ɗora ta a sikeli tare da 'yan kunnen, ya juyo mini da fuskar sikelin na karanta da idona: giram 11.4. Kafin rabin awa kuɗin sun shiga asusuna. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban tagar biyan kuɗi ta asibiti da takarda a hannu ya san darajar wannan rabin awa.

Damuwata ta fara ne daga kan takardar da yaron shagon ya miƙo mini in sa hannu. Da Turanci aka buga ta, da ƙananan haruffa, alhali yawancin matan da na tarar a zaune suna jira ba za su iya karanta ta ba, kuma ban ga an karanta wa ko ɗayarsu ba. An rubuta sunana da adadin kuɗin da ranar biya, amma a gurbin bayanin kaya "sarƙa da 'yan kunne" kawai aka sa, babu nauyi, babu karat. Na roƙi a ƙara, yaron ya dubi maigidansa, shi kuma ya yi murmushi ya ce ai mu Musulmi ne, amana ce tsakaninmu. Na ce, "Alhaji, ai saboda mu Musulmi ne ya kamata a rubuta, domin aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, wadda ke bi mata kuma ita ce ta ambaci jingina." Ya karɓi biron ya rubuta da hannunsa, ban kuma ga ɓacin rai a fuskarsa ba. Amma na fita ina tunanin matar da ba za ta iya buɗe baki ta nemi hakan ba.

Sai maganar abin da suke kira kuɗin ajiya, wato N60,000 duk wata, kashi 10 cikin 100 na abin da aka ba ni. Na tambaya ko wanda ya kawo sarƙa irin tawa ya karɓi rabin kuɗina zai biya daidai da ni, aka ce a'a, shi rabi zai biya. To, wurin da sarƙar ke ci a cikin akwatin ƙarfe ɗaya ne, mai gadin da ke kwana a bakin ƙofa ɗaya ne, don haka kuɗin ba ajiya yake bi ba, bashin yake bi. Duk ƙarin da ke hawa da sauka tare da girman bashi kuɗin ruwa ne, ko da wane suna aka kira shi. Haka nan idan mutum ya shiga sabon wata da kwana biyu kacal, na wata cikakke zai biya, kuma wannan ba a faɗa mini ba sai da na tambaya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne layin ƙarshe na takardar, wanda ya ce idan wata uku ya cika ba a fanshi kaya ba, ya zama mallakin shago. Kuɗin da aka ba ni bai kai rabin darajar sarƙar a kasuwa a ranar ba. Ke nan da rashin lafiyar ta ja lokaci, ko mai riƙe da adashe ta saɓa alkawari, da na rasa kayan da ya ninka bashin fiye da sau biyu ba tare da an mayar mini da ko sisi ba. Wannan sharaɗi tsoho ne, kuma an daɗe da yin hukunci a kansa. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa hadisin da ya hana jingina ta rufe a kan mai ita, ya kuma fassara shi da irin wannan yanayin daidai: mutum ya jinginar da abin da ya fi bashinsa daraja, a ce masa in bai kawo kuɗi ranar kaza ba kayan ya zama na mai bin bashi. Ya ce wannan bai halatta ba, sharaɗin kuma ɓatacce ne. Abin da ya dace shi ne a sayar da kayan, mai bashi ya cire haƙƙinsa, a mayar da rara ga mai kaya, kuma haka kamfanin jingina na gwamnatin Indonisiya, Pegadaian, wanda asalinsa ke komawa 1901, yake yi bayan gwanjo. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta Najeriya ta 2018 ita ma ta hana sanya sharuɗɗan da suka karkata gefe guda, ta kuma wajabta a yi wa abokin ciniki bayani da harshen da zai gane.

Na fanshi kayana bayan wata biyu da kwana biyar, na biya kuɗin wata uku. An fito mini da su cikin 'yar ledar da aka ɗaure a gabana, an sake aunawa, giram 11.4 babu ragi, na kuma kai wani shagon daban ya tabbatar mini sarƙata ce ba a canza ta ba. A kan wannan ina yi wa Alhaji shaidar alheri a ko'ina.

Duk da haka ba zan tura wata can ba sai da sharaɗin ta je da wanda ya iya karatu, ta sa a rubuta nauyi da karat, ta ɗauki hoton kayan a kan sikeli, ta kuma nemi a soke layin ƙarshen nan a maye shi da alkawarin sayarwa da mayar da rara. Na faɗa wa Alhaji wannan a ranar da na karɓi kayana. Ya yi shiru yana juya carbinsa, sannan ya ce takardar haka ya gaje ta a wurin maigidansa, amma zai kai wa malaminsa ya duba. Ƙanena ya ce zai leƙa shagon bayan Sallah ya ga ko an sauya ta.